Taga a Buɗe

Ƙarfe uku na dare a Tromso,
watan da rana ke yin yaji ta bar gari,
na tsaya a baranda daga ni sai singileti,
ƙafata tsirara a kan dusar ƙanƙara,
tururi na tashi daga wuyana
kamar tukunyar da aka ɗage wa murfi.

Ni ne Torleif. Shekara talatin da ɗaya
ina gyaran injin jirgin fito.
Na san zafi. Injin da ya ɗau zafi
daga tarinsa nake gane shi.
Wannan kuwa ba ya tari, ba ya sallama.
Daga ƙasan haƙarƙari yake tasowa,
ya hau wuya, ya kama kunnuwa,
kafin ka ce kwabo na jiƙe sharkaf,
minti huɗu, biyar,
sai ya miƙa ni ga sanyi, haƙora na kaɗawa.

Likita Eidissen ta zana min a bayan ambulan:
"Allurar nan ta wata uku-uku
famfon sinadarin maza take rufewa,
don da shi sankarar ƙasan mafitsararka ke ƙoshi.
To amma daga cikinsa jikin namiji ke ɗiba
ya haɗa ɗan istirojin nasa."
Na ce, "Ai wancan na mata ne."
Ko ɗagowa ba ta yi ba.
"Naka ne kai ma. Kaɗan ne, gishiri a miya,
ba ka san da zamansa ba sai ran da babu.
In ya ja baya, ma'aunin da ke ƙwaƙwalwa
sai ya ga gobara inda ko ashana ba a ƙyasta ba,
ya buɗe jijiyoyi, ya turo gumi a kashe ta."

Ma'auni ke ƙarya, ɗakin lafiya lau.
Wannan na gane, na sha canza irinsa.
Nawa ne dai babu a kanti.

A shagon kofi na bakin tasha
Oddmund ya ga na tuɓe rigar sanyi,
ina fifita da takardar farashi.
Ya buɗe baki zai yi ba'a,
sai ya duba fuskata, ya kurɓi kofinsa.

Shekara goma sha takwas baya
Gunhild ce ke wannan tashin dare.
Ta yaye bargo, ta banke taga,
ni kuwa in ja tsaki in rufe,
ina lissafin kuɗin wuta.
Har na taɓa cewa, a gaban ƙanwarta,
raki ne kawai.
Ba ta tanka ba. Ta naɗe maganar
ta sa a kwandon da take ajiye zaren saƙa.

Tun da abin ya same ni nake jiran ta warware ta.
Shiru.
Sai riguna uku a ninke kan kujera,
da tawul, da ruwa a jug.
Takan kwanta da hular ulu da safa biyu,
iska na kaɗa labule a kanta.

Daren jiya na dawo daga baranda,
ashe idonta biyu.
"Ya wuce?"
"Ya kusa."
"Daina kokawa da shi. Igiyar ruwa ce,
ba ta goshin jirgi, ka ƙirga numfashi."
Na zauna a bakin gado ina ƙirgawa.
A na tara na ce, "Ashe haka ne?"
"Haka ne."
"Shekara nawa kika yi?"
"Bakwai."

Na shiga laluben kalmar da ta dace,
kamar ƙaramin noti ya faɗa ƙarƙashin inji,
ina taɓa shi yana gangarawa.
Na ce, "Gunhild, a lokacin nan..."
Ta ja hularta ta rufe kunne,
ta miƙo hannu mai sanyi ta ɗora a wuyana.
"Rufe bakin," ta ce,
"ka bar tagar."